Ramin Takin Janar Abdulmalik

Idan za a jera manyan mutanen da Allah ya albarkaci garin Jos da su, adalci shi ne a fara da Malam Abdulmalik na layinmu a Laranto, a ɗan huta a sha ruwa, sannan a waiwayi sauran. Mutum ne da ko tari zai yi sai ya gyara tsayuwa. Ba tafiya yake yi ba, rangadi yake yi. Idan ya tsaya a bakin kwata ya goya hannu a baya yana kaɗa kai, har tausayin kwatar za ka ji, don ka san ta shiga uku. Ni tela ne, shagona yana kallon ƙofar gidansa, saboda haka ina cikin waɗanda suka yi rabon kallon wannan girma safe da yamma.

A ofishin duba-gari ya yi aiki har ya yi ritaya. In kana sauraronsa a teburin mai shayi, za ka rantse shi ya kori kwalara daga Filato da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofi. Abin da kowa ya sani a layin, ba kuma mai faɗa sai ya ba da baya, shi ne sito ya tsare. Shi ke miƙa wa duba-gari kakinsu da farar hular kwanon nan mai rufin yadi da safe, su dawo da yamma ya karɓa, ya goge ta da hannun riga, ya jera a kan kanta. Yaran da aka ɗauka aiki a bayansa sun sa hular sun shiga gari, mata suna ɓoye tukwanen da ba su wanke ba saboda tsoronsu. Shi kuwa har ya bar ofishin ba a taɓa ɗora masa ko guda a ka ba. Da wannan ciwon ya dawo gida, kuma ciwo ne na gaske, duk da mu dariya muke yi.

Sai ga wata shekara, lokacin da wayar salula ta fara shiga aljihun talaka, ƙaramar hukuma ta yi shela cewa kowace unguwa ta kafa kwamitin tsafta. Unguwar da ta yi fice, za a naɗa shugaban kwamitinta duba-garin sa-kai, a sa masa farar hula a bainar jama'a. Ranar da Malam Abdulmalik ya ji sanarwar a rediyon mai shayi, shayinsa ya huce bai kurɓa ba.

Mu kuma mutanen layin nan Allah ya yi mana wata baiwa. Ba ma iya ganin mutum yana hangen girma mu ƙyale shi. Sai mun tallafa masa ya hau, mun ja da baya mun nemi wurin zama mai kyau. Nan da nan muka zaɓe shi ciyaman, ba hamayya. Da muka ga abin yana da daɗi sai muka juya kan junanmu. Hezekiya, tsohon direban motar kuza, ya zama mataimaki. Ni na zama kakakin kwamiti, don ni ke da lasifikar da ake ara in ana biki. Aka yi sakatare, aka yi mataimakin sakatare, aka yi uwar ƙungiya, aka yi mai tsawatarwa. Kafin a tashi, kowa a layin ya samu muƙami, ba a bar ko mutum ɗaya da zai riƙe tsintsiya ba. Tun bayan tashin hankalin da ya raba mana benci, ba a sake ganin mai zuwa masallaci da mai zuwa coci sun zauna gwiwa da gwiwa suna wa juna fara'a ba sai ranar rabon muƙaman nan.

Washegari ya kawo mini yadin kaki na ɗinka masa riga da wando, da aljihu huɗu da maɓallan ƙarfe. Na ce masa akwai farar hula a kasuwa, in yana so a sayo a cika shigar. Ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Salim," in ji shi, "hula ba saye ake yi ba. Naɗawa ake yi."

Da ragowar yadin na ɗinka wa kaina 'yar shara mai aljihu biyu. Ba don son girma ba, don dai kada yadi ya lalace.

Ranar Asabar ta tsaftar gari ya tara mu a gindin mangwaro, ya hau benci. Tun daga ranar ya daina cewa "ni", sai dai "Ciyaman".

"Jama'ar Laranto! Ciyaman ya yi nazari, ya gano maƙiyin ƙasar nan. Ba sauro ba ne, ba ɓera ba ne. Leda ce! Ta toshe mana kwata, ta cika cikin awakinmu, ta hau bishiya ta yi sheƙa. Leda ba ta ruɓewa. Ka binne ta yau, jikanka zai tono ta tana masa murmushi. Saboda haka daga yau Ciyaman ya ɗaura yaƙi. Ba a shigo da leda layin nan. Wadda ta riga ta shigo, ba a ƙona ta, hayaƙinta guba ne. Ba a kai ta bola, iska za ta dawo mana da ita. Ba a binne ta, kun ji dalili."

Hezekiya ya ɗaga hannu. "To Oga Ciyaman, wanda yake cikin gida yanzu, ina za mu kai shi?"

Wani shugaban da ya ce zai yi tunani. Namu ba ya tunani a gaban mabiya. Ya buga ƙirji har maɓallan suka yi ƙara.

"A kawo wa Ciyaman!"

Doka ta biyu ita ce kowane gida ya haƙa rami. Ɓawon dankali, ganyen kabeji, toka, kashin kaji, duk a zuba a ciki a rufe da ƙasa, bayan 'yan watanni ya zama taki baƙi wuluk, mai sa masara ta wuce tsayin mutum. Ya ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, shi ya sa ba su da ƙuda. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Wasu ba su samu yin tafin sosai ba, saboda suna riƙe da ƙullin gyaɗa a leda. A wurin ne wani ya fara ce masa Janar, tunda yaƙi ya ɗaura. A gabansa Janar kawai, a bayansa Janar Leda.

Da farko mun ɗauki hanyar da muka saba, wato ɓoyo. Mata su dawo daga cefane a Farin Gada da ledoji niƙi-niƙi, in sun zo bakin layi su juye a kwando, su cusa ledar a ƙugun zani, su wuce Janar suna gaishe shi da ladabi. Esther mai kunu ta riƙa ƙulla kununta a leda kamar kullum, ta jera a bokiti, ta ɗora kofuna biyu a sama don idon hukuma. Ni kaina in na gama ɗinki a leda nake sawa, sannan in naɗe da tsohuwar jarida. Janar yana tsaye a bakin layi tun safe yana lalube kwanduna, in ya kama leda ɗaya ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya yi mata wa'azi, ya tura a buhun da ke rataye a kafaɗarsa.

Murjanatu mai awara ce ta fara buɗe mana ido. Ta ce, wai ku tsaya, da can in leda ta taru ai sai mutum ya ɗauka ya tsallaka titi ya kai bola yana toshe hanci. Yanzu ga babban mutum da kaki yana zuwa har ƙofar gida ya karɓa, har ya yi maka godiya. Me muke ɓoyewa?

Tun daga ranar layinmu ya shiga tuba. Ba a taɓa ganin mutane masu tsoron doka irinmu ba. Aka zazzage ƙarƙashin gado, aka kwance ƙullin da aka gada tun zamanin soja. Da namu ya ƙare, muka tuna da zumunci. Surukai daga Tina Junction suka fara kawo ziyara da buhu a bayan acaɓa. Wani ɗan'uwan Hezekiya mai lodin mota a Farin Gada yakan aiko da nasa duk mako, da gaisuwa ta musamman ga Oga. Mutum zai zo gaban Janar ya sunkuyar da kai ya ce, ranka ya daɗe, shaiɗan ne, ga ta na kawo. Janar ya dafa kafaɗarsa ya ce Ciyaman ya yafe.

"Kun gani?" yakan ce mana a taro, yana nuna buhunan. "Maƙiyi yana miƙa wuya runduna-runduna. Ciyaman bai harba ko harsashi ɗaya ba."

Fursunonin yaƙin kuwa a gidansa suke sauka. Suka cika ɗakin baya, suka cinye rumfar itace, suka fara leƙen madafa. Matarsa Kulu, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo, ta taɓa tsayawa a zaure ina ji daga shago tana cewa, "Malam, na san mai tsaron sito na aura. Ba a faɗa mini a bola zan tare ba." Ya ce mata duk babban yaƙi sai iyali sun yi haƙuri.

Batun rami kuma, a nan muka haɗu da ƙasar Jos. Ka sa diga ka yi tsawon gwiwa, sai ka ji ƙarfe ya yi kuka, dutse ne tun daga nan har inda Allah ya sani. Muka haƙa iya abin da kaza za ta iya kwanciya a ciki, muka ce rami ne. Babbar matsalar ma ba zurfin ba ce, abin zubawa ne. A layinmu ba a zubar da abin da wani baki zai iya ci. Ɓawon dankali na akuya ne. Ganyen kabeji na zomayen Hezekiya ne. Ƙanzo mu da kanmu muke jiƙa shi mu ci da ƙuli. Toka kuwa tun kafin ta huce masu lambu na bakin tafkunan kuza sun zo da buhunsu. Rami ya zo ya tarar an gama rabon gado.

Amma ba a kunyata shugaba. Muka haɗa kai, Musulmi da Kirista, muka samo baho ɗaya na ruɓaɓɓen kabeji daga Farin Gada. Ranar da Janar ke zagayen duba ramuka, sai a juye shi a ramin gidan farko. Ya shiga, ya durƙusa, ya shaƙa, ya lumshe ido, ya yi jawabi. Yana fita zaure a kwashe a miƙa ta kan katanga. Kafin ya gama gaisawa da maigida na gaba, kabejin ya riga shi isa. Haka bahon nan ya zaga layin kaf, mako bayan mako, warinsa yana ƙaruwa, yabon Janar yana ƙaruwa. A gidana ya taɓa shaƙa ya ce, "Salim, naka ya fi na Hezekiya nuna nesa ba kusa ba." Wallahi sai da na ji daɗi. Na yi kwana biyu ina ɗaga wa Hezekiya hanci, alhali da hannuna na karɓi bahon daga hannunsa.

Ramin Janar shi ne abin kallo. Masu fasa dutse ya ɗauko suka yi ta dukan tsakar gidansa har suka fitar da rami mai zurfin mutum a tsaye. Ya kewaye shi da farar ƙasa, ya kafa allo a gefe, ya sa masa suna Ramin Misali. Abu ɗaya kawai ramin ya rasa, shi ne abin ciki. Kulu tana da awaki uku, ta kuma rantse akuyarta ba za ta kwana da yunwa rami ya ƙoshi ba. Janar ya iya tsare dukan layi da ido, amma a kan ɓawon dankalin gidansa bai taɓa cin nasara ko sau ɗaya ba.

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa layinmu ya yi suna. Madam Dina, jami'ar sashen lafiya, za ta zo da kanta ranar tsafta mai zuwa, da masu ɗaukar hoton talabijin. Za ta duba layi, ta duba Ramin Misali, in ta gamsu a yi naɗi nan take. Hular ma da ita za ta zo.

Da hantsin wata Laraba Janar ya kira ni da Hezekiya, ya sa sakata a zaure. Ya kai mu bakin ramin, muka leƙa, ba kowa sai ƙadangare. Ya kai mu ɗakin baya, ya tura ƙofa ta ƙi buɗuwa saboda buhuna. Muka dawo tsakar gida muka tsaya, ga rami a dama yana neman abin ci, ga ɗaki a hagu yana neman inda zai amayar. Yau in ka tambaye mu, ni zan ce Hezekiya ne ya kawo shawarar, shi zai ce ni ne. A ranar kuwa har musu muka yi, kowa yana cewa shi ya fara hangowa.

Janar ya tsaya yana murza maɓalli. Na tabbata ya tuna da jikan nan da murmushin leda. Amma can ya ɗaga kai.

"Wannan ba binnewa ba ne," in ji shi. "Tsarewa ce ta wucin gadi. Ciyaman ya amince."

Muka tuɓe riguna muka shiga aiki. Mu juye buhu, mu shiga mu tattake, mu sake juyewa. Mutum uku masu muƙami, kowa ya haura hamsin, muna tsalle a cikin rami muna haki. Kulu ta fito da turmi ta zauna tana kallonmu. Da ledar ta danne ta kusa baki, muka kawo takin gaske daga wurin masu lambu muka shimfiɗa kamar kamu ɗaya, muka yayyafa toka, muka juye bahon nan mai tarihi a sama. Ka ga rami ya cika fam, baƙi wuluk, yana tashin wari mai daraja. Muka yi alkawari a kan abu ɗaya: ranar taro Janar zai damƙo taki cikin tafin hannu daga sama, ya nuna wa kyamara, shi ke nan. Ba zurfafawa.

Ranar ta zo da hadari a gabas da irin iskar nan ta farkon damina mai ɗaga kwanon rufi. Layi ya sha shara, karo na farko da na ga masu muƙami da tsintsiya. Aka kafa rumfa a ƙofar gidan Janar, aka jera bencina. Madam Dina ta sauko daga mota, mace mai fara'a da ɗaurin ɗankwali mai tsayi, ta ajiye hular a kan tebur. Sabuwa fil, fara tas. Na dubi Janar na ga idonsa ya kawo ruwa. A wannan lokacin, ba zan ɓoye ba, tausayinsa ya kama ni, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya Allah ya ɗora masa ita.

Aka ɗunguma cikin gida, kyamara a gaba. Janar ya tsaya a bakin Ramin Misali ya yi jawabin da ko a majalisa sai haka. Ya fara daga Annabi Adamu da aka yi da ƙasa, ya biyo ta kan Turawan kuza, ya sauka a kan leda ya yi mata kaca-kaca. Sannan ya durƙusa ya damƙo takin nan ya ɗaga.

"Wannan da kuke gani, ba taki ba ne. Tarbiyya ce. Tun daga bakin ramin nan har gindinsa, gumin Ciyaman ne."

Madam Dina ta murza takin a yatsa ta shinshina. "Kai Baba, wannan ya yi kyau fa. Ina da ɗan lambu a bayan gida, da zan samu irin wannan ai da na more."

Nan ya kamata a tsaya. Har ma ta fara juyawa za ta koma waje inda hular take. Amma na faɗa muku baiwar da Allah ya yi mana. Wata ta rangaɗa guɗa, maza suka ɗauka: Janar! Janar! Mai rami ɗaya a Filato! Ni kuma, wanda ƙafafunsa suka tattake abin da ke ƙasa, ga lasifika a bakina, ga kyamara ta juyo kaina, ga 'yar sharata ta sha guga. Sai na ji muryata tana tashi da kanta: "Na Kulu ba ka kyauta kaɗan! Wanda ya ba dutse ciki!" Na ga ƙirjin Janar yana kumbura. Na ga alkawarin ranar Laraba yana fita daga idonsa.

"Ciyaman ba ya kyauta da tafin hannu," ya daka tsawa. "A kawo buhu! A kawo shebur!"

Hezekiya ya taka mini ƙafa da ƙarfi. Amma aikin kakaki shi ne maimaita abin da shugaba ya faɗa, ni kuma ba na wasa da aiki. "A kawo shebur!" na faɗa, har ana ji a titi.

Shebur na farko ya fito da taki mai kyau, aka yi tafi. Na biyu ma haka. Na uku Janar ya sa ƙafa ya danna, don kyamara ta ga ƙarfinsa. Sai muka ji wani ƙiiii, ya ɗago da abin da ba ya kama da taki. Ledar da muka danne da tsalle ta samu ƙofa. Ta fara tasowa a hankali kamar ƙullun da ya ji yis, ta ture takin gefe, ta yi tozo. Iskar hadarin nan kuma kamar jira take.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Baƙa, fara, mai ratsin shuɗi, ta ruwan fiya wata, ta burodi, suka tashi sama gaba ɗaya suka rufe tsakar gida. Suka hau wayar wuta, suka lulluɓe mangwaro, ɗaya ta manne a idon kyamara, wata ta sauka a ɗankwalin Madam. Awakin Kulu suka tsinke igiya suka shiga farauta. Mu kuwa jama'ar layi muka ja da baya muna salati, masu kiran Yesu suna kira, kowa ya dafe ƙirji kamar bai taɓa ganin leda ba a rayuwarsa. Sai da Esther ta manta kanta ta nuna sama ta ce, "Kai, ga na kununa can, ni na ƙulla shi!" Daga nan kowa ya fara gane tasa. Murjanatu ta ga ta awararta da shaidar mai. Ni ma na hango tawa a kan waya, da guntun zare ja yana lilo.

Janar yana tsaye da shebur, leda ta naɗe masa ƙafa. Wani da ya nemi ƙasa ta tsage. Namu ya gyara murya.

"Kamar yadda Ciyaman ya sha faɗa, ba ta ruɓewa. Ga shi kun gani da idonku. Wannan gwaji ne."

"Gwaji ne!" na maimaita a lasifika. Ba wanda ya tafa, sai akuya ɗaya da ta amsa.

Madam Dina ta cire ledar daga ɗankwalinta a hankali, ta ninke ta, ta rasa inda za ta ajiye. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. A gyara, in Allah ya kai mu wata shekara sai mu sake dubawa." Ta juya ta fita, muka bi ta zugui-zugui. Kulu tana bakin madafa ta harɗe hannu tana kallonmu.

A waje iska ta riga ta tuntsurar da hular daga kan tebur, ta ɗan kwashi ƙasa a gefe. Kafin kowa ya motsa, Janar ya riga ya isa. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya hure, ya goge ta da hannun riga, ya juya ya goge ɗaya gefen. Hannunsa ya san aikin, ba sai an faɗa masa ba. Ya ɗan tsaya da ita daidai ƙirjinsa, tsakaninta da kansa bai wuce kamu ɗaya ba. Ko mu da ba mu da kunya, a wannan lokacin ƙasa muke kallo.

Sai ruwa ya fara ɗigowa. Madam ta dubi sama ta ce, "Kash, yadin nan in ya jiƙe tabo yake yi. Ko akwai abin da za a rufe ta?"

Janar ya duba hagu, ya duba dama. Sannan ya sunkuya, ya zaɓi wata baƙa mai kauri daga cikin waɗanda ke yawo a ƙafarsa, ya kakkaɓe ta, ya sa hular a ciki, ya ƙulle bakin tsaf, ya miƙa da ladabi. Mota ta tashi, mu masu muƙami muka jeru cikin ruwa muna ɗaga mata hannu.

Ita ce leda guda ɗaya tak da kwamitinmu ya yi nasarar fitarwa daga Laranto.